Gudun Babur da Gudun Jijiya

A Amurka, mai son sanin zafin tashin babur ɗinsa yakan kai shi fili na musamman: miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon mita 402, a killace, ga na'urar auna lokaci, ga motar asibiti a gefe. Mu kuwa a Gyaɗi-Gyaɗi, titin Zariya ne filin gwajin wasu samarinmu, musamman ranar kai amarya, ba ko hular kwano. Hana acaɓa da aka yi a Kano a 2013 bai kashe wannan ganganci ba.

Ni ban ga laifin son gudu ba, domin tambayar da yaron yake yi ta kimiyya ce. Sai dai ya auna injin, ya manta da jikinsa. Kafin ido ya hango akuya, saƙo ya isa ƙwaƙwalwa, ta yanke shawara, jijiya ta umarci ƙafa ta taka birki, kimanin daƙiƙa guda ta wuce. A gudun kilomita 60 cikin awa, babur ya riga ya ci mita 17. A kilomita 100 kuwa, mita 28. Kuma in gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninkawa huɗu yake yi, alhali ƙoƙon kai yana nan yadda yake.

Ra'ayina, hukuma ta ware wa matasan nan killataccen fili a wajen gari. Malamai kuma su fita da ɗalibai filin ƙwallo, su auna mita 28 da igiya, kowa ya taka ya gani.