Kafin a Gama Ginin Laburaren Ƙasa, a Duba Agogo

Tun 2006 aka ba da kwangilar gina hedikwatar Laburaren Ƙasa a Abuja, shekaru sun yi ta shuɗewa ba a tare ba. A Satumbar 2025 sai da uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta roƙi masu niyyar yi mata kyautar cika shekara 65 su zuba kuɗin a asusun kammala aikin. Abin takaici ne, an kuma sha faɗa. Amma maganar gini ta danne wata da ta fi kusa da mai karatu: ƙarfe nawa ake buɗewa, ƙarfe nawa ake rufewa?

Dokar 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya ajiye kwafe uku a wannan laburare, har da littattafan Hausa da ake bugawa a Kano da Zariya. To, wa zai karanta su? Malamar makaranta da ma'aikacin banki suna bakin aiki daga safe har la'asar. Duk reshen da ke rufe ƙofa lokacin tashi daga ofis ya riga ya sallame su, ya bar wa ɗalibai da 'yan fansho kujerun.

A Landan, ɗakunan karatu na Laburaren Birtaniya kan kai ƙarfe 8 na dare daga Talata zuwa Alhamis, ana buɗe su ran Asabar, katin shiga kuma kyauta ne.

Na san za a kawo uzurin wuta da alawus ɗin ma'aikata, kuma uzuri ne na gaske. Sai dai kuɗin sola da na ma'aikata biyu da za su tsaya zuwa isha'i, ko da kwana biyu a mako, bai kama ƙafar kuɗin hawa ɗaya na ginin Abuja ba.