Ƙaddara Ba Mafakar Malalacin Marubuci Ba Ce

Akwai wata hujja da ta zama ruwan dare a bakin marubutan ƙagaggun labarai na wannan zamani, wadda in aka tuhumi ɗayansu a kan yadda ya haɗa ɗan da ya ɓata shekara 20 da mahaifiyarsa a tsakiyar kasuwa, babu sanadi babu dalili, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ƙaddara ce, har ya nuna cewa mai yi masa musu da ikon Allah yake jayayya. Wannan hujja ɓatacciya ce ta fuskar adabi, ta fuskar addini kuwa ɓacinta ya fi muni, gama malamanmu sun karantar da mu cewa Ubangijin da ya hukunta al'amura shi ne ya rataya su ga sabubbansu. 'Yan'uwan Annabi Yusufu, alaihissalam, ba su tsince shi a Masar haka siddan ba. Fari ne ya koro su daga Kan'ana, shi kuwa taskokin ƙasa suna hannunsa, ta yadda duk mai neman tsaba babu ƙofar da zai bi sai tasa.

Wanda yake son ya ga yadda sababi ke aiki, to, ya tsaya da sassafe a Port Môle, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Libreville a ƙasar Gabon, inda ƙarnin ɗanyen kifi ke gauraye da warin man inji, 'yan dako na rige-rigen buhuna, fasinjoji kuma sun yi jerin gwano riƙe da tikiti. Port-Gentil, garin man fetur da ke tsibirin Mandji, ya shekara aru-aru babu hanyar mota da ta sada shi da babban birni, saboda haka talakan da ba shi da kuɗin jirgin sama galibi ta wannan gaɓa yake biyowa. Hausawa kuwa sun daɗe a ƙasar, tun kakanninsu da suka gangaro ta Kamaru suka zauna a Bitam da Oyem, kuma baƙonsu, kamar yadda al'adar fatauci ta gada, ba ya sauka sai a hannun fatoman da ya san mutanen garinsu. To, in marubuci ya nuna mini waɗannan tun a farkon littafi, sa'an nan ya ce wani Bakatsine ya yi kiciɓis da ƙanensa a layin jirgi, wallahi zan gaskata shi, har in yi ƙwalla, domin na ga ƙuncin mashigar da ta matse su wuri guda. Amma in ya haɗa su a wurin don kawai takarda ta kusa ƙarewa, hannunsa nake gani, alhali ya yi mini alkawarin nuna mini hukuncin Allah.

Magabata sun san wannan sarai. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, uwa da ɗa sun sadu a Tarabulus bayan rabuwa mai tsawo, kuma ban taɓa jin mai karatun da ya ce an yi masa wayo ba, saboda hanyar ayari da cinikin bayi ta Sahara, wadda ta ratsa Murzuk, ita ce ta kwashe su duka biyu zuwa arewa, kuma saduwar ta zo ne bayan uwar ta sha bauta da wahala har ƙarfinta ya ƙare, ba ta jima ba ta rasu. An biya farashin wannan gamo tun kafin a yi shi.

Na san za a ce a duniya ma ana gamon katar wanda hankali ba ya kamawa. Haƙiƙa ana yi, sai dai abin da ya auku ba ya neman shaidar kowa, ƙagaggen labari kuwa da'awa ce, kuma a shari'a mai da'awa shi ake nema da hujja. Marubucin da ya kai mutanensa Port Môle wajibi ne ya faɗa mana bashin da ya fitar da wannan daga Katsina, da wasiƙar da ta kira wancan Port-Gentil, da ranar da jirgin ke tashi.