Awon Siliniyam A Ruwa: Jimla Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Kafin malaminmu na kimiyya ya kawo mana zancen siliniyam ko sunansa ban taɓa ji ba. Sinadari ne wanda wani masani mutumin Suwidin, Berzelius, ya gano a 1817. Jikin mutum yana bukatar ɗan kaɗan daga cikinsa, amma in ya yi yawa guba ne. Shi ya sa a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha, maikurogiram 40 cikin lita guda.

To, wannan adadi jimla ce, ni kuwa a ganina wanda ya auna jimla ya tsaya, rabin aiki ya yi. Dalili kuwa, siliniyam ba kama ɗaya yake zama cikin ruwa ba. Akwai silinayit mai ƙwayar oksijin uku, akwai silinet mai huɗu, ga kuma wanda ya riga ya shiga jikin tsirrai. Silinayit yakan manne wa laka da tsatsar ƙarfe, don haka tace shi ba wuya. Silinet kuwa bai cika mannewa ba, duk inda ruwa ya nufa nan ya nufa. Mai tace ruwan gari, in bai san wanne ke cikin ruwansa ba, da me zai tace?

Ku dubi abin da silinet ya jawo a tafkin Kesterson na jihar Kalifoniya, a Amurka. Ruwan da ya tsatso daga gonakin rani ya wanko shi daga ƙasa, tsirran tafkin suka zuƙe shi, ƙwari suka ci tsirrai, tsuntsaye suka ci ƙwari. A 1983 sai ga 'yan tsaki cikin ƙwai, wasu ba idanu, wasu ba ƙafafu.

Wani zai ce ai rarrabe su wahala ce da kashe kuɗi. Kuɗi kam gaskiya ne, na'urar tana da tsada. Amma inda akwai ta, ƙarin aikin kaɗan ne. A wata tsohuwar hanya, silinayit kaɗai na'urar ke ganewa. Sai a raba ruwan biyu, a auna kashi ɗaya, a dafa ɗayan da asid mai ƙarfi har silinet ɗinsa ya rikiɗe ya zama silinayit, a auna, a debe na farko daga na biyu. Lissafin ɗan firamare ke nan. Sai dai a ajiye kwalbar a sanyi, a kuma hanzarta awon, don in ta daɗe kamannin sukan sauya tun ba a buɗe ta ba.