Maganin da Rana Ta Dafa Ba Magani Ba Ne

Wani marubuci ya ce dokokin NAFDAC kan ajiya da jigilar magani na 'yan birni ne. A ganinsa, a wuri irin Bunguɗu, inda hanya ba tsaro kuma wuta sai ta ga dama, maganin dai ya iso. Ba wanda ya musa wahalar hanya. Amma ya iso a wane hali?

Ɗauki allurar oxytocin da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini. Sanyin digiri 2 zuwa 8 take so. Idan ta taso daga Kano a katan a bayan mota, ta ratsa Tsafe da Gusau cikin zafin Afrilu, sannan ta yi wata guda a shago mai rufin kwano, kwalbar ba ta canza kama, ƙarfin maganin ne ke raguwa. Ungozoma ta yi allura, jini bai tsaya ba. Wa za a tuhuma?

Marubucin ya ce doka na ƙara tsada. Haka ne. To maganin da bai yi aiki ba, aka sake saye, aka ɗauki shatar mota zuwa asibiti a Gusau, shi ne mai araha?

Ya kuma kira rubuta lambar kaya ɓata lokaci. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, maganin haƙora na My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya. Ba lamba, ba rasit, ta yaya za a janye gurɓataccen kaya daga kemis ɗin ƙauye?

Idan wuta ce matsalar, akwai firji mai aiki da hasken rana, irin wanda ake ajiye rigakafi a ciki. Marubucin ya matsa wa gwamnati ta kai shi asibitocin karkara mana.