Baƙaƙe Huɗu da Salula Ta Hana wa Masauki

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon rubutun Hausa ya tsage a inda ba mu sa ido ba, wato a kan ɗan allon madannai da ke jikin salula, wanda babban yatsa ke tattakawa dare da rana. A yau, daga Filinge zuwa Shikal, daga Bonkuku zuwa Abala, Hausar da ake rubutawa a waya ta fi wadda ake rubutawa da alƙalami nesa ba kusa ba. Amma baƙaƙe huɗu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su cikin wannan rubutu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, akwai ƴan boko, har da malamai abokan aikina, da ke cewa wannan ba abin tada jijiyar wuya ba ne. To, da su nake.

Mu fara da tarihi, domin wanda bai san mafarin abu ba zai ɗauka ƙugiyar nan ado ce. Tun cikin shekarun 1930 masu aikin talifi a Zariya suka tsai da baƙaƙe masu lanƙwasa, da su kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta saba wa dubban mutane da karatu. A 1966 Unesco ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da harshen da ya sha a nono. A 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasarmu ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance, wadda ta riƙe ƴ a inda maƙwabtanmu na Nijeriya ke rubuta 'y. Ko a duniyar kwamfuta ma, kundin Unicode, mai ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya yi wa baƙaƙen nan rajista tun farkon shekarun 1990. Ke nan, lokacin da kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001 salula ta soma yaɗuwa, ta tarar da su da cikakkun takardunsu. Ƙofa ce kawai ba a buɗe musu ba.

Hujjar farko da ake kawowa ita ce ƙarancin wuri: wai waya ƙarama ce, ba za ta ɗauki kowa ba. To, mu ƙirga. Ƙaramar salula tana da madannai 12, an kuma raba haruffa 26 na Ingilishi a kan takwas daga cikinsu, daga 2 zuwa 9, uku-uku, in ban da 7 da 9 masu ɗauke da huɗu-huɗu. Da aka zo sayar da ita ga Faransawa, ba wanda ya ce wuri ya ƙare. Duk wanda ya ci gaba da danna 3 zai wuce d, e, f, ya tarar da é da è da ê a jere, haka nan à da ç suna laɓe a bayan 2. Jamusawa sun sami ß da ü nasu, Sifaniyawa sun sami ñ. Mu fa, me muke nema? A sa ɓ a bayan 2, ɗ a bayan 3, ƙ a bayan 5, ƴ a bayan 9: baƙaƙe huɗu, in an haɗa da manyansu takwas. Alhali q da v da x, waɗanda Bahaushe ba ya bukata sai in zai rubuta baƙon suna, suna zaune daram a ɗakunansu. Gidan da ya sami shimfiɗar baƙi goma bai rasa tabarmar ɗan gida ba, sai dai in ba a so.

Abin bai tsaya a kan madannai ba. Injiniyoyin Turai da suka tsara gajeren saƙo, wanda aka aika na farkonsa a watan Disamba na 1992, sun ƙayyade masa haruffa 160, suka kuma zaɓi ɗan jerin alamomin da za su iya shiga cikinsa. A jerin akwai é da à da ñ da ö, akwai har manyan haruffan Girkanci guda goma, amma babu ƙugiya ko ɗaya. Duk saƙon da ya ɗauki harafi guda daga wajen wannan jeri, sai waya ta juya shi zuwa wani tsari mai cin wuri, inda saƙo ɗaya ba ya wuce haruffa 70, in kuma an yanka shi gida-gida, kowane yanki 67. Ma'ana, ɗan cin ranin Kurfai da ke Abijan ko Kumasi, in ya rubuto wa gida saƙo mai haruffa 150 ba tare da ƙugiya ba, kuɗin saƙo ɗaya zai biya. In kuwa ya girmama harshensa ya sa ƙ guda tak, kuɗin uku zai biya. Wannan haraji ne da aka ɗora wa rubutu daidai, kuma talaka ya gane shi a aljihunsa tun kafin mu malamai mu farga. Wa zai ga laifinsa?

Kada a ce mana haka Allah ya halicci waya. Turkawa sun sami kansu a irin wannan rami da ş da ğ da ı nasu, ba su kuwa naɗe hannu ba. A 2008 aka ƙara wa ƙa'idar gajeren saƙo jeri na musamman don Turkanci da Sifaniyanci da Fotugisanci, aka kuma ƙara na harsunan Indiya goma. Babu jerin Hausa, babu na Fulatanci, babu na Yarabanci. Wace gwamnati tamu ce ta je ta tsaya kai da fata a kan haka? A 2016 gwamnatin Indiya ta ba da umurni cewa duk wayar da za a sayar a ƙasar sai ta iya nuna rubutun harsunan hukuma 22, a kuma iya rubutu a cikinta da Ingilishi da Hindi da aƙalla wani harshe guda na ƙasar. Kamfanoni suka nemi a ɗaga musu wa'adi, aka ɗaga, daga ƙarshe suka bi, domin ɗan kasuwa ba ya fushi da kasuwa. Hausa kuwa, da miliyoyin masu magana da ita daga Agadas zuwa Kumasi, daga Kano zuwa Sudan, ba ƙaramar kasuwa ba ce.

Hujja ta biyu ita ce wadda na fi ji a ɗakin malamai: "Ai ana ganewa." Gaskiya ne, wanda ya ƙware yana cankar ma'ana daga abin da ke gaba da baya. Amma a tuna, rubutun boko ya riga ya bar wa mai karatu nauyi biyu, tunda ba ma nuna karin sauti, ba ma kuma nuna tsawon wasali. Kalmar gari kaɗai tana iya zama inda ake zaune, tana iya zama abin tuƙa tuwo. In muka ƙara zubar da ƙugiya, sai baki da baƙi su zama ɗaya, haka fada da faɗa, kafa da ƙafa, kare da ƙare, daka da ɗaka. Har ƙasarmu ta koma kasarmu, kasa kuwa kowane manomin Kurfai ya san macijiya ce da ba a takawa a kwana lafiya. Kaya ya riga ya yi wa jaki yawa, ana cewa a ƙara masa mangala don bai durƙusa ba tukuna. Ƙwararre zai canka. Yaro ɗan shekara bakwai fa? Bazabarmen Damana, ko ɗan Bonkuku da ya tashi da Tamajak, wanda ya koyi Hausa a kasuwa yake son ya karanta ta, da me zai raba k da ƙ, sautin da babu shi a harshen gidansu?

Abin mamaki, masu wannan hujja su ne suka fi kowa tsanani a ajin Faransanci. Ni ma Faransanci nake koyarwa tare da Hausa, na kuma san yawan jan biron da muke zubawa a takardar yaron da ya rubuta ou a gurbin où, ko a a gurbin à. Ban taɓa jin wani ya ce a ƙyale shi ai ana ganewa ba. Me ya sa ƴar alamar da ke kan wasalin Faransanci ta zama farilla, ƙugiyar Hausa kuma ta zama nafila? Sakamakon yana gabana duk ranar da na tattara takardun Hausa: yara masu basira suna rubuta tchi a maimakon ci, kouana a maimakon kwana, ƙugiya kuwa ko ta rantsuwa babu. Ba a littafi suka ga wannan ba. Sun koye shi daga allon da ke karkatar musu da kalma zuwa Faransanci tun ba su gama rubuta ta ba. Wannan allo yana tare da su safe da yamma, ni kuwa ƴan awoyi nake ganinsu a mako.

Wanda ke shakkar cewa salula makaranta ce, ya tambayi mutanen Doso da Damagaram. A 2009 da 2010 an gudanar da wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan waɗannan jihohi biyu, inda aka haɗa karatun yaƙi da jahilci, cikin Hausa da Zabarmanci, da koyon aika saƙo a ƙaramar waya. Binciken da Jenny Aker, wadda a lokacin take jami'ar Tufts da ke Amurka, ta jagoranta ya nuna cewa waɗanda suka yi karatu tare da waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake, sun sami inda za su yi aiki da abin da suka koya kullum. To, in salula allo ce, wane irin allo ne wannan da ba ya karɓar baƙaƙen da malam ya biya da safe? A jiharmu ta Tilaberi, inda rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a shekarun nan, akwai yaran da rubutun da ke cikin wayar yayansu ne kaɗai rubutun da ke gilmawa ta gabansu.

Hujja ta uku ta ƴan zamani ce: wai an wuce wurin, tunda wayoyin shafawa sun zo, kuma manhajoji irin su Gboard da SwiftKey da Keyman duk suna da allon Hausa. Haka ne, a kuma yaba wa wanda ya yi. Sai dai waya tana isowa kasuwa a saite da Faransanci ko Ingilishi, allon Hausa kuwa yana can a binne, sai wanda ya san hanya ya tono shi. Ƙaramar waya mai madannai kuma har yanzu ita ce a aljihun manomi da makiyayi, saboda arha da batirin da ke yin kwanaki. Ko a wayar shafawar ma, allon da ya ɓoye ƙ a ƙarƙashin k, sai an danne an jira ta fito, ya riga ya yanke mata hukunci, domin mai sauri ba ya jira. Tsarin AZERTY da muka gada an yi shi ne don keken rubutun Faransanci fiye da shekara ɗari da suka wuce, shi ya sa a, harafin da ya fi kowane yawa a Hausa, yake maƙale can a kusurwar hagu ta sama. Allon da aka ƙera don Bahaushe zai ba kowace ƙugiya madanninta a fili, ya tura q da v da x ƙarƙashin dogon danni, ya kusanto da alamar da muke sawa a tsakiyar ma'ana da sana'a. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Na'urorin da ke cankar kalma da masu yin fassara suna koyo ne daga abin da muka rubuta. In muka ci gaba da ɗura musu Hausa marar ƙugiya, ita za su amayo wa jikokinmu da sunan daidaitacciya. Masu cewa saƙon murya ya wadatar kuwa, su tuna ba a sa hannu a kan murya, ba a kuma cin jarrabawa da ita.

Wannan koke ba na Hausawa kaɗai ba ne, kuma a nan ne yankinmu yake da abin koya wa ƙasa. A kasuwar Filinge ko ta Balleyara, kafin mutum ya zagaya daga ƴan hatsi zuwa ƴan dabbobi ya ji harsuna huɗu. Fulatanci yana amfani da ɓ da ɗ da ƴ kamar Hausa, ya ƙara da ŋ. Zabarmanci yana bukatar ŋ da ɲ. Tamajak yana bukatar ǝ da ɣ da baƙaƙe masu ɗigo a ƙasa. Allo guda na ƙasa zai iya ɗaukar su duka, yadda rijiya guda ke shayar da garken kowa.

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An naɗa rawani, saura doki. Ya kamata hukumar INDRAP da masana harshe na Jami'ar Abdou Moumouni su zauna da takwarorinsu na Jami'ar Bayero ta Kano su tsai da tsarin allo guda, ga ƙaramar waya da babba. Ya kamata hukumar ARCEP ta sa shi cikin sharuɗɗan shigo da wayoyi, ta kuma zauna da kamfanonin sadarwa kan farashin saƙon da ke ɗauke da baƙaƙenmu. Mu kuwa malamai, ba sai mun jira Yamai ba. Awa guda a makon farko na komawa lakwal ta isa a nuna wa kowane aji yadda ake fito da allon Hausa. Ƙungiyoyin raya al'adu su sami samarin nan masu gyaran waya da masu caji a bakin kasuwa, domin su ne ke saita wayar kowa ran da aka saye ta, in suka yarda to rabin aikin ya ƙare. A zaurukanmu na WhatsApp kuma mu fara da kanmu, mu daina aika wa juna "sako" muna nufin saƙo.

Na san za a ce ana maganar tsaro da tsadar hatsi, wani malami yana can yana faɗa a kan ƴar lanƙwasa. Yunwa da tsoro za su wuce in Allah ya so, kamar yadda waɗanda suka gabace su suka wuce, amma ɗabi'ar rubutu in ta zauna a hannun yaro tare suke tsufa. Ƙugiyar nan ƙarama ce, gaskiya, sai dai kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Allah ya sa mu farga tun da sauran lokaci.