Masu cewa an yi gudun gara an faɗa gidan zago

Da an ambaci metadon ko bufurenofin, magungunan da likitoci ke ɗora wanda kodin, tramol ko hiroyin suka kama a kai na watanni ko shekaru, amsa ɗaya ake ji: an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wai ƙwaya aka sauya da ƙwaya, ita ma sai ta dakushe tunani. Na ji wannan a bakin iyaye da malamai, har da wasu ma'aikatan asibiti. Kuskure ne, kuma yana kai 'ya'yanmu kabari.

A ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙofofi da waɗannan ƙwayoyi ke zama a kai. In sha ya daɗe, ƙwaƙwalwa takan sake saiti har ta kasa aiki sai da su. Kodin da hiroyin kuwa sa'o'i kaɗan suke yi a jiki. Yaro ya sha da safe ya yi lamo, kafin la'asar hamma da majina da zufa sun taso, gaɓoɓi na ciwo, ciki na murɗawa, babu abin da ke ransa sai inda zai samo kuɗin kwalba ta gaba. Wane karatu ko sana'a ce za ta zauna a irin wannan kai? Metadon yana shiga a hankali, ya wuni ya kwana a jiki, sau ɗaya ake shan sa a rana. Bufurenofin rabi yake buɗe ƙofar, yana da iyakar da ba ya wucewa, shi ya sa bai cika tsayar da numfashi ba. Da likita ya daidaita awon, hawa da saukar nan sun ƙare. Mutum ba ya maye. Yana barci, ya buɗe shagonsa, ya yi salla cikin hayyacinsa.

Ban ce babu illa ba. Makonnin farko akwai gyangyaɗi, metadon ma yana iya kisa in an wuce awo, kuma gwaje-gwaje sun nuna wasu masu shan sa ba su kai wanda bai taɓa shaye-shaye ba saurin riƙe abu da mai da hankali. To amma laifin wa? Kan nan ya sha shekaru ana dukansa: ranakun da numfashi ya kusa ɗaukewa, jijjigar da tramol ke jawowa, roci da giya da ake haɗawa. A gwada mutumin da yadda yake bara, lokacin da yake sayar da wayar mahaifiyarsa.

Mu kuma me muka zaɓa? Mari da bulala. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Ko a bar maganar azaba, yanke ƙwaya farat ɗaya yana da tarko: jiki yana rasa juriyar da ya saba da ita, sha'awa kuwa tana nan daram. Yaro ya fito, ya sha abin da ya saba sha, numfashi ya tsaya. Binciken ƙasashe da yawa ya nuna cewa zama a kan magani yana rage mutuwa da kamar rabi.

Ba sabon abu ba ne. Tun tsakiyar shekarun 1960 likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka fara shi da metadon a Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu cikin jerin muhimman magunguna a 2005. Tanzaniya ta buɗe nata shirin a asibitin Muhimbili a 2011. Mu a Najeriya da wani bincike na 2018 ya ƙiyasta muna da mutum miliyan 4.6 masu shan irin su tramol da kodin ba bisa ƙa'ida ba, mun haramta maganin tari mai kodin a shekarar, muka ɗauka an gama.

Ba kowane mai shan kwalba ne ke buƙatar wannan magani ba, likita ne zai tantance. Amma gwamnonin Arewa, ku samar da shi a asibitocin ƙwaƙwalwa da manyan asibitocin jiha, tare da masu ba da shawara. Iyaye, kafin ku kai ɗanku inda za a sa masa mari, ku kai shi gaban likita.