Switch 2: Ana Ta Rigimar Farashi, Ba A Maganar Mallaka

Ranar Alhamis, 5 ga watan Yunin 2025, wato jajibirin Babbar Sallah a wajenmu, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da sabuwar na'urarsa ta wasan bidiyo mai suna Switch 2. Lokacin da muke cinikin raguna, a New York da Landan akwai waɗanda suka bi layi a ƙofar kantuna har tsakar dare don su zama cikin na farko da za su riƙe ta. Na san wani mai karatu zai ce ina ruwan biri da gada, muna fama da tsadar shinkafa za a kawo mana zancen kayan wasa. Ina roƙon ya ɗan yi haƙuri ya bi ni, domin abin da ke ƙunshe cikin kwalin nan ya wuce wasa, kuma zai iso mu ko ba jima ko ba daɗe.

Ɗokin da aka yi ba na banza ba ne. Switch ta farko ta fito a watan Maris na 2017, kuma zuwa ƙarshen Maris na 2025 an sayar da fiye da miliyan 152. Abin da ya sa ta karɓu shi ne, ka iya jona ta da talabijin a falo, ka iya zare ta ka ci gaba da wasanka a mota ko a kan gado. Shekara takwas mutane suna jiran ƙanwarta. A Japan kaɗai, mutum kusan miliyan 2.2 ne suka shiga ƙuri'ar da kamfanin ya shirya don zaɓen waɗanda za a fara sayar wa, har shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya fito ya ba da haƙuri cewa kayan ba za su isa ba. Ƙuri'ar ma ba kowa aka bari ya shiga ba: sai wanda ya yi aƙalla awa 50 yana wasa a tsohuwar na'urar, kuma ya yi shekara yana biyan kuɗin rajistar intanet na kamfanin. An yi haka ne don a toshe wa masu saye su ɓoye su sayar da ninkin kuɗi, kuma wannan dabara ta burge ni.

Rigima ta ɓarke ne tun ranar 2 ga Afrilun 2025. Kamfanin ya yi kusan awa guda yana baje kolin na'urar: allo mai inci 7.9, ma'ajiya mai gigabait 256, hannayen sarrafawa masu mannewa da maganaɗisu, da maɓallin hira da abokan wasa. Bai furta farashi a cikin shirin ba, sai bayan an tashi mutane suka gani a rubuce. Dala 449.99 a Amurka, alhali yayarta ta fito a kan dala 299.99. Wasan tseren motoci na Mario Kart World kuma dala 79.99, a kasuwar da ta shafe shekara da shekaru ana sayar da sabon wasa dala 60, kafin a ɗaga zuwa 70 a 'yan shekarun nan. Har ɗan shirin da ke zagayawa da kai ya nuna maka yadda na'urar ke aiki, shi ma an ce sai ka biya dala 9.99. Washegari da ma'aikatan kamfanin suka zauna nuna wasanni kai tsaye a YouTube, ba abin da masu kallo ke rubutawa sai a rage farashi, a rage farashi, har rubutun ya binne duk wata magana.

A ranar nan dai ta 2 ga Afrilu, sa'o'i kaɗan bayan shirin, Shugaba Donald Trump ya sanar da sabon harajin shigo da kaya, inda ya ɗora wa Biyetnam kashi 46 cikin 100. Can ne Nintendo ya mayar da wani babban ɓangare na ƙere-ƙerensa don guje wa rikicin kasuwancin Amurka da Sin. Dole kamfanin ya ɗage karɓar odar Amurkawa daga 9 ga Afrilu zuwa 24. Da aka jingine harajin na kwana 90, ya bar farashin na'urar yadda yake, ya ƙara kuɗin kayan haɗinta.

To, ni dai farashin bai tayar mini da hankali kamar yadda ya tayar wa masu ihu ba. Dala 300 ta 2017 ba ita ce dala 300 ta yau ba, kuma kayan cikin sabuwar sun fi na tsohuwar nesa ba kusa ba. Bayan haka, tsada cuta ce mai magani, maganin kuwa yana hannun mai saye. A 2011 wannan kamfani ya fito da 3DS a kan dala 249.99, jama'a suka noƙe, ba a yi wata shida ba ya sauke ta zuwa 169.99, shugabansa na lokacin, marigayi Satoru Iwata, ya zaftare rabin albashinsa. Idan Switch 2 ta yi tsadar da ta wuce hankali, kasuwa za ta gaya wa Nintendo da yaren da yake ji.

Abin da ya dame ni wani ɗan kati ne da ba a yi masa ihu ko rabin na farashi ba. Tun fil azal, in ka sayi wasa a kanti, kati ko kaset ake ba ka, wasan yana ciki gaba ɗaya. Ka zura a na'ura, ka kunna, shi ke nan. Da Switch 2 an ɓullo da abin da suka kira katin mabuɗi. Kwalinsa kusan iri ɗaya da na sauran, katin ma siffarsa ɗaya, amma babu wasa a cikinsa. Izini ne kawai. In ka zura shi, na'urar za ta hau intanet ta sauko da wasan daga rumbun kamfanin, sa'an nan duk lokacin da za ka yi wasan sai katin yana ciki. Kamar ka biya kuɗin buhun hatsi ne a ba ka takardar karɓar kaya, hatsin kuwa yana sito, mukullin siton yana aljihun mai shi. Muddin sito a buɗe yake, takardarka dukiya ce. Ran da ya rufe, takarda ce.

Kuma sito yana rufewa. A watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe kantinsa na intanet na 3DS da Wii U, wasannin da ba a taɓa buga su a kati ba suka daina samuwa ga sabon mai saye. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe wasan mota mai suna The Crew, waɗanda suka biya kuɗinsu lakadan suka wayi gari ba ya ko buɗewa, abin da ya haifar da gangamin neman doka a Turai don hana irin wannan. Ba wanda ya ce gobe za a rufe rumbun Switch 2. Sai dai babu kamfanin da ya yi alkawarin riƙe rumbunsa har abada, kuma ba zai yi ba.

A yi wa Nintendo adalci. Katin mabuɗin ba a ɗaure yake da sunan mutum ɗaya ba, ana iya ara wa aboki, ana iya sayarwa, don haka ya fi lambar sirri da ake sa wa a kwali a yi amfani da ita sau ɗaya ta mutu. Wasannin da kamfanin ya ƙera da kansa, irin su Mario Kart World, cikakku suke zuwa a kati. Kuma katin da zai ɗauki babban wasan zamani yana da tsadar bugawa, shi ya sa sauran kamfanoni suka yi rububin wannan hanya mai arha. Amma ba dole ba ce. Kamfanin CD Projekt na Poland ya cusa katafaren wasansa Cyberpunk 2077 cikin kati mai gigabait 64, ya sayar da shi cikakke. Wanda ya so, ya iya. Street Fighter 6 na kamfanin Capcom kuwa katin mabuɗi ne, sai ka sauke kusan gigabait 50 kafin ka naushi kowa.

Kwanaki na ga wani tsohon kaset na Game Boy a tiren mai sayar da kayan lantarki na hannu, cikin tarkacen caja da rimot. Ruwan toka ne, bai kai tafin hannun yaro ba, takardar gabansa ta koɗe har ba a iya karanta sunan wasan, wani ya rubuta harafi biyu a bayansa da jar biro. Mai kayan ya ɗauko na'urar, ya sa mata batir huɗu, ya hure ƙurar bakin kaset ɗin, ya zura. Allon nan mai kore-kore ya kawo, sunan kamfanin ya gangaro daga sama, aka ji ɗan ƙaran nan, tubalan Tetris suka fara saukowa. Wannan abu ya haura shekara 30 da bugawa. Allah kaɗai ya san hannu nawa ya ratsa da ƙasa nawa ya ƙetare kafin ya iso tiren nan, kuma bai nemi izinin kowa ba kafin ya tashi.

Wanda ya jagoranci ƙera Game Boy a 1989, Gunpei Yokoi, yana da aƙidar cewa a ɗauki fasahar da ta riga ta tsufa ta yi arha, a yi sabon tunani da ita. Abokan hamayyarsa sun yi masa dariyar allo marar launi. Sega ya fito da Game Gear mai launi, mai cin batir shida cikin awa uku zuwa biyar, ita kuwa Game Boy batir huɗu na kai ta awa goma sha. Ƙarshenta Game Boy da ƙanwarta mai launi sun sayar da sama da miliyan 118, Game Gear ta tsaya a wajen miliyan 10. Akwai wadda bam ya ƙona a yaƙin Tekun Fasha na 1991, jikinta ya narke ya yi baƙi, aka shekara da shekaru ana nuna ta a kantin Nintendo na New York tana ci gaba da aiki. Sunan da kamfanin nan ya yi, wanda ya faro a 1889 a birnin Kyoto da buga katin karta, a kan wannan ya yi shi: kaya mai ƙarko wanda in ka saya ya zama naka.

Nan ne maganar ta shafe mu. Dala 450 a canjin lokacin da ta fito ta haura naira 700,000, albashin wata goma ke nan ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A wannan canjin, wasa ɗaya na dala 80 ya wuce naira 120,000. Ba mu cikin lissafin ranar fitowarta, kuma Nintendo ba shi da ko ofishi a Najeriya. Ya san aljihu ba ɗaya ba ne, tun da ya yi wa mutanen gidansa ta musamman mai harshen Japananci zalla a kan yen 49,980, ta sauran harsuna kuma yen 69,980. Mu namu rabon yana zuwa ne daga baya, bayan shekara biyar ko bakwai, in yaran Turai da Amurka sun gaji, kayansu suka biyo kwantena suka sauka a Alaba ta Legas ko Farm Centre ta Kano. Haka muka sami Sega, haka muka sami PlayStation 2 da ta raya gidajen gem a unguwanninmu, haka PSP ta shigo aljihun samari. Duk wannan ya yiwu ne saboda wasan yana cikin abin da ake iya riƙewa a hannu a miƙa wa wani.

Yanzu a ƙaddara yaron da ya tara kuɗin aikin hutu ya sayi katin mabuɗi na hannu a 2032. In ya yi sa'a rumbun na nan, zai nemi gigabait 50 na data, a ƙasar da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, ya kuma yi addu'ar kada wuta ko sabis su yanke a tsakiya. Wasa huɗu ko biyar irin wannan sun cika masa ma'ajiya, ƙarin ma'ajiyar kuma sai wani sabon nau'in memori mai suna microSD Express, tsohon da ke wayarsa ba zai yi ba. In bai yi sa'a ba, ya sayi roba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ɗaure kai. A farkon watan Mayun 2025 Nintendo ya sauya yarjejeniyar masu amfani da kayansa a Amurka, ya rubuta cewa in ka taɓa manhajar na'urar ko ka kauce wa matakan tsaronta, yana iya mayar da ita marar amfani har abada. A takardar da aka ba mutanen Birtaniya ba a kai nan ba, wasan da aka yi wa kutse kawai aka ambata, ba na'urar ba. Na fahimci dalili. Satar fasaha ɓarna ce, kuma wanda ya ga yadda masu kwafar faifai suka durƙusar da kasuwar finafinan Kannywood ba zai raina kukan mai ƙirƙira ba. Amma hukunta ɓarawo daban, riƙe ikon kashe kayan da mutum ya biya kuɗinsa daga nesa daban. Kuma wa zai kwana a ciki? Wanda ya yi kutsen zai sayar ya wuce. Mai saye na uku ko na huɗu a Sabon Gari ne zai buɗe kwali ya tarar da laifin da bai san lokacin da aka yi shi ba, ba kuma inda zai kai ƙara.

Wannan salo ba a kan wasa ya tsaya ba. Littafin da ka saya a manhaja, waƙar da ke wayarka, fim ɗin da ka biya a intanet, yawancinsu haya ce aka sa mata rigar ciniki. Na'urar wasa ta hannu tana cikin wurare na ƙarshe da suka rage inda yaro zai ce wa abokinsa ara mini naka in ba ka nawa, a yi musaya a ƙofar makaranta ba tare da kamfani ya sani ba. Shi ya sa nake jin zafin ganin Nintendo, wanda ya fi kowa cin gajiyar wannan al'ada, ya buɗe ƙofar da za ta kashe ta.

Ga 'yan kasuwarmu da ke shigo da ita daga Dubai, roƙona ɗaya ne: ku gaya wa mai saye gaskiya. Kwalin katin mabuɗi yana da farin layi a ƙasan fuskarsa, da hoton mukulli da adadin gigabait ɗin da za a sauke. Ku nuna masa kafin ya ƙirga kuɗi, kada uba ya kai wa ɗansa tsaraba gida a tarar sai an sayi datar dubban naira. Gab da fitowarta, Nintendo ya ce yana sa ran sayar da miliyan 15 kafin ƙarshen Maris na 2026. Ni ba wannan adadin zan sa wa ido ba. Zan riƙa duba, cikin wasannin da za su fito nan da shekara guda, nawa ne suka zo cikakku a kati, nawa ne kuma suka zo da hoton mukulli.